Ƙyallen da Tasalla Ta Kai Katsina

Wato shi Yero, tun kafin ƙasar Batsari ta rikice, cikinsa bai taɓa barinsa ya huta ba. Yau atuni da jini, gobe murɗa, har ya koma kamar karan dawa. Da aka kai shi asibiti a Katsina, sai suka zura masa wata igiya mai ido, suka tsinko naman hanjinsa, bai fi ƙwayar gero ba. Suka roƙi ya bar musu don bincike, ya ce su riƙe.

Damina na zagayowa 'yan bindiga suka tare motar su Yero a hanyar Runka. Wanda ya tsero ya shaida an kashe Yero a daji. Aka yi masa salla babu gawa. Matarsa Tasalla ta gama takaba, amma ba kabarin da za ta nuna wa 'yarsu Mardiya. Ga Mardiyar ita ma cikinta ya fara irin na uban.

To, a gidan su Tasalla ko farce aka yanke sai an binne. Ta yanki farin ƙyalle kamar tafin hannu, ta hau mota zuwa asibitin Katsina.

Likita Sa'adiyya, wadda ta karɓi naman tun farko, ta ba ta kujera.

"Likita, ragowar maigidana na zo ɗauka. A rufe shi kamar kowa."

"Inna, yana nan cikin firji. Kin san kowa da ƙwayoyin gadonsa a jiki. A hanjin masu ciwon nan, wasu na farke suna ta surutu, wasu sun yi barci. Su muke saurare, ko a gane magani."

"Au, har yanzu yana magana? Mutumin da a gida sai na yi tambaya uku kafin ya amsa."

"Yana yi, Inna. Ba mu gama ji ba. Amma in kin ce a ba ki, haƙƙinki ne."

Firjin na ta gurnani a lungu. Tasalla ta kasa kunne, kamar yadda take yi a da in cikin Yero ya tashi. Ta tuna Mardiya duƙe a bayan ɗaki, tana riƙe da mara.

Sannan ta miƙa wa likita ƙyallen.

"Bar shi ya ƙarasa maganarsa. Amma ki lulluɓa masa wannan, ba ya son sanyi."