Inda Ƙararrawar Lumi Ta Tsaya

Ranar Alhamis Yaya Arvo ya shigo kicin da laka har gwiwa, bai ko cire takalmi ba, ya ce mini ya buga wa likitan dabbobi waya, ranar Litinin da ƙarfe tara za a cire wa Lumi mahaifa. Yana zuba kofi ya faɗa, kamar mai ba da labarin farashin fetur. Ni kuwa sai na ajiye wuƙar da nake fere dankali da ita.

Lumi ita ce karya ta ƙarshe da ta rage mana daga jinin karnukan babanmu. Tun muna yara a nan arewacin jihar Michigan baba yake kiwon fararen karnukan nan masu ɗigon baƙi, na farautar makwarwa. Da ya rasu Yaya ya ci gaba, ni kuma ina riƙe da littafin haihuwa da wankin keji. Shekara hamsin da bakwai ke nan uwa na haifar 'ya ba a taɓa yankewa ba. In aka taɓa Lumi, shi ke nan, an rufe gidan.

Na tambaye shi laifinta. Ya ce ai na sani, ta wuce ƙararrawa, sau huɗu a mako guda.

Dajinmu sarƙaƙiya ne, in kare ya yi taku goma ba ka ƙara ganinsa, da kunne ake binsa. In ƙarar ƙararrawar wuyansa tana raguwa a hankali har ta ɓace, to ya yi nisa, ya tafi yawon kansa. In ta yanke farat ɗaya, ya shaƙi warin tsuntsu ke nan ya ƙame, sai ka nufi inda shirun ya fito ka same shi tsaye yana jiranka. Dokar baba guda ce, karyar da ke wuce ƙararrawa ba ta haihuwa a gidan nan, don 'ya'yanta ma haka za su yi. Yaya ya riƙe dokar nan fiye da yadda ya riƙe zuwa coci.

Da ita ya yanke wa Kaisa hukunci bara, 'yar'uwar Lumi, ciki ɗaya. Aka yi mata aiki, aka ba wa wani malamin makaranta a garin Hancock, Mista Niemi, ta koma karyar kan kujera. A lokacin ina jinya, an sauya mini ƙashin ƙugu da na ƙarfe, kaka biyu ban shiga daji ba. Amma kada in wanke kaina. Ina gidan nan talabijin ta fara ƙara har gilashin taga na amsawa. Ina gani butar ruwan zafi tana ihu a kan murhu, shi yana zaune kusa da ita yana karatun jarida hankali kwance. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a injin tsaga katako bai taɓa toshe kunne ba, wai na ragwaye ne. Sau ɗaya na ce ya je a duba kunnensa, ya yi kwana uku bai yi mini magana ba, in yana son gishiri sai ya nuna da cokali. Da aka zo kan Kaisa zuciyata ta raya mini wani abu, na yi shiru, saboda ina gudun fushinsa kuma ina jin tausayinsa. Shirun nan yana cina har yau.

"Jibi zan bi ku dajin," na ce masa.

"Da wace ƙafar, Auta?"

Shekarata sittin da shida, jikokina huɗu, amma har gobe Auta nake a bakinsa.

"Da ta ƙarfen. Ta fi taka lafiya."

Ya ce in zo mana, in gani da idona in daina yi masa fuskar ranar jana'iza.

Asabar gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, ba iska. Na naɗe mana burodi mai nama da dankali guda biyu a takarda, na cika fulas da kofi, na saka rigar baba mai ruwan lemo wadda aljihunta na baya har yanzu yake warin gashin tsuntsu. A bayan kujerar motar akwai kwalin da 'yarsa Annika ta aiko masa ranar Kirsimeti, abin wuya mai na'urar da ke nuna inda kare yake. Shekara biyu bai yage ledar ba. Cewa yake wanda sai ya duba gilashi kafin ya san inda karensa yake, ya zauna gida ya yi farauta a waya.

Muka tsaya a tsohuwar hanyar masu katako, bayan gadar ƙarfe. Ya ɗaura wa Lumi ƙararrawar, 'yar ƙaramar tagulla da baba ya zo da ita daga gidan kakanmu, wadda ake sa wa raguna a can ƙasar Finland. Ya taɓa kanta, ta kutsa. Na ɗan tsaya ina saurare kafin in ɗaga ƙafa, don na yi kewar ƙarar nan fiye da yadda na zata. Ta yi dama, ta yanko ta gabanmu, ta yi hagu, ta sake dawowa, kamar mai saƙa. Aikin da ya koya mata ke nan, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ba mu yi minti goma sha biyar ba na ga wuyan Yaya ya fara ja. Ya tsaya, ya karkata kai, ya juya ɗaya kunnen. Ni ina jin ƙararrawar sarai a hagunmu, wajen rafi, ba ta wuce taku sittin ba. Sai ta yanke. Farat ɗaya.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ta tafi. Tun ɗazu nake jin ta tana raguwa. Yanzu wataƙila ta kai jihar Wisconsin."

Ya sa usur a baki ya busa. Ya sake busawa. Ya ƙwala mata kira har muryarsa ta dishe. Ina tsaye ina kallonsa, na tuna yadda ya horar da ita tana wata takwas, a bayan rumbu, da tattabaru. In ta ƙame sai ya koma nesa ya yi ta busa usur don ya jarraba ta, in ta motsa ƙafa ɗaya ya ɗauke ta cak ya maida ita inda take. Wata biyu suka yi a haka, har ta gane cewa in tana kan tsuntsu ko sama za ta faɗo ba ta motsi sai ya zo ya taɓa ta. Shi ya dasa mata wannan, yau kuma shi yake zaginta a kansa.

Na kama hannun rigarsa. Na ce tana hagu, wajen rafi, a tsaye take. Ya fizge, ya ce son karyar ne ya sa nake jin abin da babu. Na ce to ya biyo ni, in ƙarya nake ni da kaina zan kai ta Litinin. Na shige gaba da sandata, ƙaya na yagar fuskata, ƙuguna na zafi, ban waiwaya ba sai da na ji takunsa a bayana.

Muka same ta a ƙarƙashin ƙananan bishiyoyin bakin ruwa, wuya a miƙe, ƙafar gaba ɗaya a ɗage. Yaya ya buɗe baki, na san abin da zai ce, wai yanzu ta dawo ta tsaya. Bai faɗa ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana karanta jikin kare. Ya ga cinyoyinta na karkarwa don gajiya. Ya ga miyau ya zubo daga leɓenta har ya jiƙa ganyen ƙasa. Ya ga ganye uku masu ruwan ɗorawa sun sauka a gadon bayanta sun zauna, a ranar da babu iska, alamar ta daɗe tsaye a wurin. Ta juyo da ido kawai ta dube shi, ba ta motsa kai ba, kuma a idon nan akwai tsoro, don sau huɗu a makon nan in tsuntsu ya gaji ya tashi ta dawo, faɗa take tararwa.

Makwarwar ta tashi da rugugi daga gindin wani kututture. Bindigar tana rataye a hannunsa bai ko ɗaga ta ba. Ya matsa ya taɓa kan Lumi, sannan ta saki jiki, ta zauna daɓas tana haki.

Ya daɗe yana dubanta. Sai ya durƙusa ya kwance ƙararrawar, ya miƙo mini. Ya ce mu koma kan hanya inda fili yake. Da muka fito ya juya mini baya, ya ce in yi ta tafiya ina kaɗawa ina ƙirga taku, shi kuma zai ɗaga hannu in ya daina ji. Ya ce kada in yi masa alfarma.

Na fara tafiya da baya da baya don in riƙa ganinsa. Taku goma, hannunsa na ƙasa. Goma sha biyar, na ga kafaɗarsa ta ɗan tashi, yana neman ƙarar da dukan jikinsa. Wallahi na so in kaɗa da ƙarfi, na so in tsaya a wurin in yi ta kaɗawa ya ɗauka tafiya nake. Ban yi ba. A taku na goma sha tara ya ɗaga hannu.

Ya juyo yana hangen can ƙarshen hanya, inda yake zaton zai gan ni ƙarama. Sai da idonsa ya dawo kusa ya same ni, ga ni nan, in ya jefo hularsa zan cafe. Ban taɓa ganin Yaya ya tsufa ba sai a lokacin. Ya zauna a kan bayan motar, ya buɗe bindigar ya zare harsasai biyun ya zuba aljihu. Na zuba masa kofi, ya riƙe kofin bai sha ba. Lumi ta zo ta ɗora haɓa a gwiwarsa.

"Kaisa fa?" ya ce.

Na juya ina rufe bakin fulas.

"Ke nake tambaya, Helmi."

Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar da muka binne mama. Na ce ban shiga daji da su ba bara, ban ji da kunnena ba, amma na yi zaton kunnensa ne ya yi rauni, kuma na yi shiru. Na jira ya yi mini ihu, na ma so ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce da na faɗa ma ba zai saurara ba. Ya ce shekara uku ya yi yana farauta da ita, ba ta taɓa saɓa masa ba sai kakar bara, ya kamata ya tambayi kansa me ya canza.

Ya karɓi ƙararrawar daga hannuna ya jefa a aljihun rigarsa, ya ce in shiga mota. Na ɗauka gida za mu. Da muka iso mararraba sai ya karya kan motar zuwa Hancock. Tafiyar minti arba'in ce. Da muka hau babbar gada ya ce in buga wa likitan in ce an fasa na Litinin. Na buga, na bar saƙo.

Gidan Mista Niemi yana kan tudu, mai matakala ta katako. Yaya ya sauko daga mota, ƙararrawar ta ɗan kaɗa a aljihunsa, ƙarar da ba ta kai ta cokali a kofi ba. Kafin ya rufe ƙofar motar na ji kuka daga cikin gidan, da farata suna karce ƙofa, irin kukan da take yi a keji in ta ga an ɗauko bindiga. Na tsaya cak riƙe da sandata. Shi bai ji komai ba, yana gyara hularsa. Da ya ga fuskata ya tambaye ni mene ne.

"Ta ji ƙararrawar," na ce. "Daga cikin gida."

Matar Niemi ta buɗe ƙofa tana ba da haƙuri, wai ba ta san abin da ya shiga kan karyar ba, shekara guda ba ta taɓa yin haka ba. Kaisa ta fito ta tsakanin ƙafafunta. Ta yi ƙiba, an aske mata gashin wutsiya, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ba ta yi tsalle a jikinsa ba. Ta sauko matakalar ta zo gefen ƙafarsa ta hagu ta tsaya, ta miƙa wuya, tana jiran a ɗaura mata.

Yaya ya durƙusa a kan tsakuwa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ciro ƙararrawar, ya dube ta, ya dubi Kaisa. Matar tana tambaya ko za mu shigo mu sha kofi, akwai burodi mai zafi, ni nake amsa mata don shi ba ya jin ta. Ya cire jan ƙyallen ya ɗaura ƙararrawar, sai da ya gwada ramin maɗaurin sau uku kafin ya shiga.

"Kina tsaye ashe," ya ce mata. "Duk lokacin nan kina tsaye."

Ya ɗora hannu a kanta kamar yadda yake yi in ya iso ya same su a kan tsuntsu, ya bar shi a wurin. Lumi tana cikin mota tana leƙowa ta taga, ni kuma na juya na fuskanci titi, don ban so matar mutane ta ga ina kuka ba.