Jelar Zakaran Mai Agogo

Baba ya ce allunan shaguna da ya zana a garin nan sun haura ɗari uku. Na san Baba da ƙara wa magana gishiri, amma ko an rage rabi ai da sauran abin faɗa. Yau dai saura ɗaya tak, na shagon Mai Agogo da ke kwanar layin masu taya. Sauran duk an sauke su, an liƙa leda mai ƙyalli wadda rana ke cinyewa cikin shekara biyu.

Allon na katako ne, shuɗi. A tsakiya ga agogo, a kan agogon ga jan zakara ya miƙe wuya zai yi cara. Tun ina firamare nake bi ta ƙarƙashinsa ina hura hanci, ina gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ni cewa babana ne ya yi. Ni ma zanen na gada, sai dai nawa a kwamfuta nake yi, da faifan zane da alƙalaminsa. Tambarin kamfanoni nake ƙirƙira, in na samu sarari kuma in zana hotuna masu launi don kaina. Baba yana kiran sana'ata zanen da ba ya ɓata riga.

Ran nan ɗan Mai Agogo ya kira ni. Shi ke riƙe da shagon yanzu, ya ƙara da sayar da wayoyi, tsohon kuma ya koma kan kujera a lungu yana sa ido.

"Auta, ranar Asabar za mu sauke allon nan, gara ta cinye bayansa," in ji shi. "Tambari nake so wanda zai shiga waya, ya shiga leda, ya shiga allon fitila na gaban shago. Ni da son samu ne agogo kawai za a yi, zagaye, fes. Amma tsoho ya kafe, wai sai da zakaransa. Na ce to, ki gwada. In ya gani ya yarda, shi ke nan. In bai yarda ba, zakara ya tafi."

Allon ba zai tsira ba, wannan na sani. Amma in zakaran ma ya bi shi, to hannun Baba ya ɓace daga titunan garin nan kwata-kwata.

Na je na ɗauki hoton allon ta kowace kusurwa, na dawo ɗakina na zauna. Kwana biyu ina bin layin Baba da alƙalami, ina rage abin da ya yi yawa, ina daidaita da'irar agogon, ina neman jan da ya dace. Da na zo kan jela sai na lura da wani abu da ban taɓa gani daga ƙasa ba. Gashin jelar bakwai ne. Shida sun lanƙwasa sumul, amma na biyar ya taho daidai, sai ya yi wani tsalle gefe, sannan ya dawo hanya. Na ce Allah sarki Baba, ashe kai ma hannunka yana zamewa. Na gyara masa shi a minti ɗaya, har ina jin na rufa masa asiri.

Ranar Alhamis na kai. Mai Agogo ya cire gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya karɓi faifan da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau, 'yata," ya ce. "Amma wannan zakaran wasu ne."

"Baba Mai Agogo, shi ne fa. Layi-layi na bi."

"To, ban ce kin yi ƙarya ba. Namu dai yana da rai. Wannan kamar an yanka shi an tsayar."

Na tambaye shi abin da ya bambanta, ya ce shi agogo ya sani, bai san zane ba. Ɗansa ya ɗaga kafaɗa, ya ce saura kwana biyu. Na fito raina a ɓace. Shekara tara ina wannan aiki, manyan kamfanoni sun karɓi zanena ba gardama, yau ga tsoho mai gyaran agogo yana ce min na yanka kaza.

Ban so in nuna wa Baba ba. Shekararsa huɗu rabonsa da buroshi, tun da hannunsa ya fara rawa, kuma ba ya son a tayar da zancen. Amma buroshinsa na nan a gwangwanin madara a kan taga, kowane mako sai ya wanke su da kananzir ya mayar, ko da ba su taɓa fenti ba. Warin nan shi ne warin yarintata. Na shiga na same shi zaune a bakin gado, na miƙa masa faifan ba tare da dogon bayani ba.

Ko daƙiƙa biyar bai yi ba ya ɗago.

"Ina gashi na biyar?"

"Ga shi nan. Na gyara maka shi ne, ya karkace."

Baba ya yi dariya har da tari. "Kin gyara min! Ke da kika karkatar da shi?"

Na ce, "Ni kuma?"

"Shekararki biyar," in ji shi. "Allon na jingine a tsakar gida, na gama komai saura jela. Na ɗauko dogon layin nan, numfashi ma na riƙe, sai ga ki a guje da wata takarda, wai kin zana kyanwa. Kyanwar ma ƙafa shida gare ta. Kika zo kika bangaje min gwiwar hannu. Fentin mai kuwa ba ya yafiya, in ka goge ja a kan shuɗi ka ɓata allo gaba ɗaya. Na ɗaga hannu zan kai miki ranƙwashi, sai na ga kin miƙo takardar kina washe baki, haƙoran gaba babu. Na sauke hannu, na bi layin inda kika kai shi, na dawo da shi gida. Da Mai Agogo ya gani ya ce ai ka ga zakaran kamar yanzu ya girgiza jiki."

Wallahi ban tuna ko ɗaya ba. Shekara talatin ina bi ta ƙarƙashin allon ina cewa na babana ne, ashe da hannuna a ciki. Kunya ta kama ni, ƙwalla kuma ta cika min ido.

Na zauna kusa da shi na goge gashin, na shiga ƙoƙarin mayar da karkatar. Na zana, na danna maɓallin komawa baya. Na sake, na danna. Ya fi sau ashirin. Duk wanda na yi sai ya fito kamar mutumin da ke ɗingishin ƙarya.

"Wannan maɓallin shi ya lalata ku," in ji Baba. "Kowane layi kuna ja ne da sanin akwai hanyar gudu. Sake ɗaukowa daga tushe. Riƙe numfashi."

Na ɗora alƙalami na taho da layin a hankali. Ina tsakiya sai na ji an bangaje min gwiwar hannu. Ba da ƙarfi ba, hannun nan ne mai rawa. Layin ya yi tsalle gefe. Yatsana ya tafi kan maɓallin da kansa, don ya saba.

"Kul," in ji Baba. "Kai shi gida."

Na kai shi gida. Muka zuba wa faifan ido. Can Baba ya jingina da bango ya ce, "To, na rama."

Washegari Mai Agogo ko karɓar faifan bai yi ba. Daga kan kujerarsa ya leƙo ya ce, "Yawwa, ga ɗan banzan nan." Ɗansa ya yi ajiyar zuciya ya ce to, a buga shi haka da zakaran.

Ranar Asabar aka sauke tsohon allon. Na sa aka kai shi gida, yana nan jingine a ɗakin Baba, ƙarƙashin tagar da gwangwanin buroshi yake. Ni kuma na wuce wurin mai buga fitilar shago da sabon tambarin. Ya buɗe shi a kwamfutarsa, ya ƙara girmansa, ya nuna da yatsa.

"Malama, akwai ɗan kuskure a jelar nan. In gyara miki? Minti ɗaya ne."

Na ce, "Kada ka taɓa. Mu biyu muka yi shi."