Yunwar Na'iya

"An ɗaga kokowar," in ji Ɗanmaliki makaɗi, ya sauke gangarsa daga kafaɗa ya jingine ta da tushen tsamiya. "Wai rafi ya cika, motar baƙo ba ta iya ƙetarowa. Sai gobe da la'asar. Mu dai kallon hanya munka zaka yi Kebbe."

Na'iya yana zaune a kan tabarma, ya riga ya ɗaura walkinsa, layu sun cika damatsansa. Ya kai hannu baya ya fara kwance igiyar walkin, sannan ya ɗago ya dube ni. Ni kaɗai a wurin na san abin da kallon yake nufi. Tun safiyar Lahadi babu abin da ya shiga cikinsa sai ruwa, ga shi yau Litinin rana ta karkata.

Sunana Abdulhamidu, ina koyarwa a makarantar elementare ta Tambuwal. Na'iya maƙwabcina ne, danga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Kokowa ce sana'arsa. Yana da 'yar gona a hanyar Jabo, amma abin da yake ci da iyalinsa daga fage yake fitowa: riguna, tumaki, damman gero, duk abin da masu gari suka ba wanda ya yi kaye. A shekarar nan ana bikin cikar ƙasa shekara guda da samun mulkin kai, aka shirya babbar kokowa a Kebbe, za a yi ta a gaban wani babban baƙo daga Sakkwato. Na'iya ne gwanin Tambuwal, ni kuma aka ba ni rubuta sunayen 'yan wasanmu da kula da masaukinsu.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, shekara shida ke nan Na'iya yana fama da ciwon hanji. Yakan yi wata uku lafiya ƙalau, sai abin ya taso: murɗar ciki, zawo da jini, sau goma ko fiye a yini. Ya sha jiƙon bagaruwa, ya sha sassaƙe iri-iri, ya sha farar ƙwayar da ake bayarwa a ɗakin magani. Sau ɗaya na raka shi babban asibiti, likita ya ce ba tsutsa ba ce, ba kuma atinin da aka saba gani ba, gyambo ne a hanji mai lafawa ya dawo, sai dai lallaɓawa. Ko lokacin da ciwon ya lafa, in ya ci abu mai nauyi, yini da rabi cikinsa ba shi da amana.

Shekara uku kafin tafiyarmu Kebbe, ana tsakiyar wasa a Jabo, ya saki abokin karawarsa ya fice daga fage da gudu ya faɗa cikin dawa. Wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce jifa aka yi masa. Kashegari ya shigo zaurena ya zauna a ƙasa.

"Malam, kai da kak karanta littattafai, mi nika yi? Kaye ba komi na ba, kowa na faɗuwa. Amma in abin ga ya kubce man cikin fage, gaban mata da yara, ina nika sa kaina?"

Na yi tunani irin na malamin makaranta. Na ce ya daina cin abinci tun safiyar ana gobe wasa, ya riƙa kurɓar ruwa kawai, sai an tashi daga fage ya sha kunu. Muka ƙidaya tare da yatsu: yini biyu. Ya gwada, abin ya yi. Shekara uku yana haka ba a taɓa jin kansa ba, har mutane suka ɗauka asiri ne ya hana shi cin abincin baƙon gari. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai. Nakan tuna ta ina cikin aji in yi murmushi.

Ranar Talata da hantsi na je ofishin hakimin Kebbe don a gyara jerin sunaye. Magatakardan, Lauwali, abokin karatuna ne. Ya ja ni bayan ƙofa.

"Ɗan aike ya iso bisa doki," ya ce. "Baƙon ga ba shi zuwa sai Alhamis. Amma amana ta nika ba ka, Abdulhamidu. Gero ya nuna. In mutane sunka ji, kowa gona za shi koma, baƙo ya iske fage wayam. Sankira zai ci gaba da shela cewa yau da la'asar. Kada ko rigarka ta ji."

Na ce masa babu mai ji.

Ina fitowa lissafin ya zo mini da kansa. In Alhamis ce, to Na'iya yana da yinin Talata cur da zai ci abinci, ya kama bakinsa Laraba da Alhamis kamar yadda ya saba. Na nufi masauki da sauri.

Na iske Ɗanmaliki zaune kusa da shi da ƙwaryar fura tsakanin ƙafafunsa. Wata Bafulatana ce ta kawo wa gwanin Tambuwal, da nono mai kauri.

"Malam, bisimilla," in ji Ɗanmaliki, yana lasar ludayi. "Shi wanga asirinai rashin ci na. Ni kau nawa asirin ci na. Ka ga Allah ya haɗa mu daidai."

Na'iya ya yi 'yar dariya. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari.

Makaɗi bakinsa ba ya riƙe magana, haka na ɗauka. Abin da ya ji da hantsi, kafin azahar yana cikin waƙa. Na ce bari in jira ya tashi. Bai tashi ba, aka aiko kirana wajen shirya kujerun manyan baƙi. Bayan azahar na dawo na iske Na'iya barci ya ɗauke shi, walki ɗaure a ƙugu yana jiran la'asar. Na tsaya a kansa, na ce mutumin da bai ci ba a bar masa barcinsa. La'asar ta yi, sankira ya zaga ya ce sai gobe.

Gab da magariba na koma. Masaukin ya cika da mutanen Tambuwal da suka zo gaishe shi, wasu har sun fara maganar komawa gida yankan gero. Na'iya ya hango ni ta saman kawunansu.

"Malam, kai ka shiga wurin manya. Akwai labari?"

Kowa ya juyo.

"Sun ce gobe," na ce.

Da na yafuto shi zuwa gindin tsamiya, kalma biyar ta isa. Na ji nauyin a ga na keɓe shi a fara tambaya. Na ce da safe zan same shi shi kaɗai. Sai da gari ya waye ina alwala na gane abin da na yi: yau Laraba, ana gobe wasa, ranar da ni da bakina na hana shi ci. In na faɗa masa yanzu babu abin da zai ƙara masa sai baƙin ciki. Na yi shiru. Shi kuwa ya sake ɗaura walki ya jira la'asar.

Alhamis motar baƙo ta iso, taɓo har gilashi. Fage ya cika, mutanen Fakku, abokan karawarmu, a gabas, namu a yamma. Aka yi ƙananan wasanni, sannan Dogo na Fakku ya fito, saurayi ɗan makiyaya, wuyansa kamar turmi. Ya zaga fage yana nuna ɓangarenmu da yatsa.

"Ina tsohon naku? Ku ce mai ya taso, in shina jin tsoro ga dawa can ba a yanke ba!"

Mutanen Fakku suka kwashe da dariya. Ɗanmaliki ya ɗora ganga ya saki taken Na'iya. Na ga Na'iya ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe, abin da ban taɓa gani ba. Walkin ya yi masa yawa, sai da ya ƙara ƙulli.

Bai tsaya zagaye da gwajin hannu ba, ya san ba shi da ƙarfin dogon wasa. Suna haɗa kafaɗa ya nutse ƙasa, ya cafki ƙafar Dogo ta hagu, ya sa kai a cikinsa ya tura. Dogo ya yi tsalle biyu da ƙafa ɗaya, ya tafi da baya. Fage ya ɗauki ihu, mata suna guɗa, mutanenmu suka ruga za su ɗaga shi sama. Ya hana su. Ya tako a hankali zuwa inda nake tsaye da takardata, ƙafafunsa a matse, ya juya mini baya kamar mai kallon taro.

"Malam," ya ce ƙasa-ƙasa, "duba man."

Na duba walkin, na duba cinyoyinsa.

"Tsaf kake."

"Tsakaninka da Allah?"

"Tsakanina da Allah."

Ya sauke numfashi. Sannan ya je ya durƙusa gaban baƙo ya karɓi riga da igiyar maraƙi.

Kunun da aka dama masa bai zauna ba. Ranar Juma'a a motar komawa jini ya ɓalle. Sau shida direba yana tsayawa tsakanin Kebbe da Tambuwal, a na uku ma Na'iya bai iya kaiwa cikin ciyawa ba. Ɗanmaliki ne ya diro, ya tuɓe babbar rigarsa ya baza ta da hannu biyu tsakaninsa da mota, ya juya fuska gefe.

"Kowa ya dubi gabanai," ya daka wa mutane tsawa. "Ba ku taɓa ganin gona ba?"

Haka ya yi a kowace tsayawa. Har ya bar duniya ban ji ya ambaci abin da ya gani a hanyar nan ba, a waƙa ko a hira.

Malamin ɗakin magani ya zo gida ya duba shi, ya ce jininsa ya ƙare, sai a kai shi Sakkwato. Na'iya ya ce ba zai sake hawa mota ba. Aka kwantar da shi a ɗakin matarsa Mardiya, tana ba shi ruwan kunu da cokali, yana dawowa.

A rana ta uku ina ba akuyata dusa a bakin danga, na ji muryarta daga ɗaya gefen. Ba ta taɓa yi mini magana ba in ba gaisuwa ba.

"Malam, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da godiya. Malam, yini biyu kunka ce shika yi ba ci. Wanga karon nawa yay yi?"

"Biyar."

"Kuna can tare da shi?"

"Ina can."

Na jira ta ƙara wani abu. Sai na ji takunta ta koma ɗaki.

Na kai kwana biyar ina shiga gaishe shi ina fitowa da maganar a bakina. A rana ta takwas, bayan na tashi yara hutun ƙarfe tara, na shiga na iske shi shi kaɗai, an jingina shi da bango. Hannuwan nan da suka ɗaga mazaje suna kan zane kamar itacen da aka ɓare. Na zauna na faɗa masa duka, tun daga bayan ƙofar Lauwali har zuwa abin da na ce gaban mutane.

Ya juyo ya dube ni.

"Talata da hantsi kas sani?"

"Da hantsi."

"Lokacin da Ɗanmaliki ka shan furar nan?"

"Lokacin."

"Kai, Malam." Ya lashi leɓe. "Furar nan ta yi ƙamshi. Da na sha ko ludayi huɗu."

Na ce ya yafe mini.

"Bar shi. Ciwon ga ya riga ka zuwa, ba kai kas sa man shi ba." Na ɗauka ya gama, sai ya ci gaba. "Amma da ka kira ni waje, Malam. Ni mai riƙe magana na. Shekara shida nika riƙon tawa."

Ya nemi ruwa, na tallafi kansa na ba shi, ya kurɓa sau biyu ya kawar da fuska.

Kashegari da hantsi ina rubuta jimla a allo na ji kuka ya tashi daga unguwarmu. Na ajiye alli, na ce wa yara su kwafe abin da ke allo, na fita.

Kafin azahar an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Mutane sun zo daga Jabo, har Dogo, da ya taso daga Fakku a ƙafa don dubiya ya tarar da rasuwa, ya tsaya can baya da sandarsa. Da liman ya sallame salla, mu huɗu muka matsa ga makara: ni da Ɗanmaliki a gaba, ƙannensa biyu a baya. Kowannenmu ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafafu, ya cije, don mun san wanda za mu ɗauka. Muka ce bisimilla muka ɗaga da ƙarfinmu duka, sai makarar ta yi sama da sauri har ta kusa kuɓuce mana. Ɗanmaliki ya dube ni ta ƙarƙashin itacen, na dubi ƙasa.

Muka bi ta hanyar bayan gari, tsakanin gonakin da aka fara yankewa. Mutane suna matsowa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar masu ɗauka, kamar yadda aka saba. Wani ya taɓa kafaɗata, na girgiza kai. Muka ci gaba da tafiya, karan gero yana ƙara a ƙarƙashin ƙafafunmu.