Dutsen Skerby na Ƙarshe

Sunan gidanmu Skerby, kuma ban da babana Wilfred babu sauran mai amsa shi a duk Ingila. Asali sunan ƙauye ne a gaɓar Yorkshire. Baba ya ce wani baƙo ne ya zo da jirgin ruwa daga arewa tun zamanin da, ya kafa gona a kan tudu, jikokinsa suka ɗauki sunan wurin. Teku ta yi ta gutsurar gaɓar har ta haɗiye ƙauyen, da cocinsa da rijiyarsa. Abin da ya rage shi ne gefen maƙabarta, da dutsen kabari guda mai ɗauke da sunanmu.

Yayana Leslie ne zai ja sunan gaba. Ya fita kamun ƙaguwa bai dawo ba, ko aure bai yi ba. Ni kuwa ranar da na auri Gordon na koma amsa sunan gidansu, Platt, kamar kowace mace a nan, 'ya'yana ma duk Platt ne. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Amma duk Lahadi sai ya je ya auna tsakanin dutsen da bakin gaɓa da sandarsa, ya dawo ya kasa cin abinci.

Wata rana ya kama hannuna ya ce, "Doreen, kada ki bari ruwa ya ci dutsen nan. In ya tafi, kamar ba a taɓa yin mu ba."

Yawon da na sha, ba a magana. Hukumar gari ta ce dutsen na coci ne, coci ta ce sai an zauna taro. Taro! Ita tekun jiran taronsu take yi? Ana wannan ja-in-ja Baba ya fara rikicewa. Yau ya sa butar shayi a firiji, gobe ya fita neman Leslie da rigar barci. Dole muka kai shi gidan tsofaffi, ina tafe ina kuka.

Gordon ga tsoron hukuma kamar farar kura, amma na hana shi sakat sai da ya fito da tarakta. Muka tono dutsen, gaɓar tana zubewa a bayanmu, muka kafa shi a lambuna kusa da kabeji. Na wanke shi tas da burushi.

Na ɗauko Baba daga gidan tsofaffi a keken guragu, na tura shi har gaban dutsen. Ya daɗe yana kallo. Ya bi haruffan da yatsa, ya karanta a hankali.

"Skerby," ya ce. "Allah sarki. Su waye haka, 'yar nan? Kin san su?"

Na ce na san su, Baba. Ya ce to madalla, in tura kekensa cikin gida, sanyi yake ji.