Bakin da Muka Dasa wa Baba

Da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana, ni na kawo shawarar na'urar. Irinta na yi shekara shida ina karantawa a waje. Likita ya dasa masa ita a bayan kunne, ba ta fi maɓallin riga ba. Aikinta ta ji abin da ke ransa, ta faɗa da muryarsa ta wata 'yar lasifika da muka ɗora a kan tsohon keken ɗinkinsa.

Amma sai an koya mata. Sati uku, duk abin da ta faɗa, wanda ya fi sanin majinyacin zai danna kore in ta yi daidai, ja in ta yi kuskure. Na bar wa Yaya wannan, tunda ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci. Na koma bakin aikina.

Ranar da na dawo, na tarar da shi a karkace kan katifa, ya dunƙule hannunsa mai lafiya, gumi na zuba. Na tambaye shi jiki.

"Lafiya lau," in ji lasifika.

Na buɗe rajistar na'urar. Ja ne tun daga sama har ƙasa. Yaya ba ta musa ba. Ta ce ranar farko injin ya ce "na gaji", washegari ya ce "ku bar ni in tafi". Mutumin da allurar keke ta taɓa huda masa yatsa bai ce wash ba, shi ne zai faɗi haka?

"Injiniya, kai ka san inji," ta ce. "Ni na san ubana."

Na kira kamfanin. Suka ce bayan sati uku ta riga ta saje da jijiya. Ba a goge ta, cire ta kuma zai tafi da ɗan abin da ya rage masa.

Ranar Litinin likita ya tambaye shi ko akwai inda ke ciwo. Lasifika ta ce babu. Ya rage masa maganin ciwo. Na yi gardama, ya nuna mini takardar da ta ce maganar na'ura maganar majinyaci ce. Sa hannuna ne a ƙasa.

A mota Baba ya damƙe wuyan hannuna har farcensa ya shiga. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ke motsi.

"Na gode," in ji muryarsa daga lasifikar da ke kan cinyar Yaya. "Kun kyauta mini."

Yaya ta juyo daga kujerar gaba. "Ka ji ko?"