Dogon Gilashi da Gajere

Su uku ne a gidan, amma yawanci biyu ke kwana a cikinsa. Uban, makanike ne a jirgin ruwa mai dakon kaya, yakan yi wata goma a teku kafin ya ga ƙofar gidansa. Uwar tana ɗinki a falo. 'Yarsu shekararta huɗu. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Sabo ne babu: yarinyar muryarsa kawai ta sani a waya.

Da ya zo hutun mako uku, ya miƙa hannu ya ce, "Zo, Mamana." Ta ɓuya a bayan keken ɗinki.

Abu ɗaya yake so ya koma da shi: hotonta tana dariya, ya manna a saman gadonsa na jirgi. Yana da tsohuwar kyamara, amma gilashinta ya tsage. Ya tafi shagon wani dattijo mai sayar da kayan kyamara a bayan tasha.

Dattijon ya ajiye gilashi biyu a kan kanta, ɗaya dogo, ɗaya gajere.

"Wa za ka ɗauka?"

"Yarinya, a filin wasa. Ba ta zama wuri ɗaya."

"Dogon nan, kana zaune daga nesa zai jawo maka ita har ka ƙirga haƙoranta. Gajeren kuwa ba ya jawo komai, ƙafarka ce za ta yi aikin. Sai ka matsa, ka durƙusa, wandonka ya sha ƙasa."

"Ba ni dogon, Baba."

"'Yar maƙwabta ce?"

"'Yata ce."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya naɗe masa dogon.

Kwana goma yana zuwa filin da yamma. Uwar takan kai yarinyar wajen lilo, shi kuma ya zauna a benci na can ƙarshe, kusa da famfo. Gilashin ya cika alkawari. Ga ta a sama, kitsonta na tashi. Ga ta tana tona yashi da murfin kwalba. Ga dariyar ma, har da giɓin haƙori.

Ya nuna wa matarsa hotunan. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, allura a bakinta, sannan ta cire ta.

"Sun yi kyau, Baban yarinya. Amma wa take yi wa dariyar?"

Ya sake dubawa. Hoto ya fi ɗari, ko a ɗaya ba ta kalle shi ba.

Washegari ya koma shagon. Dattijon ya ce, "Wandon naka har yanzu fes yake," ya miƙo gajeren.

Ranar farko da ya matso, yarinyar ta saki murfin kwalbar ta ƙame. Ya ɗauki hoto biyu, duk fuska a ɗaure. Rana ta biyu ta koma bayan lilo. Ta uku bai ɗaga kyamarar ba, ya zauna a yashin yana tona nasa ramin da cokali. Wasu iyaye suka yi ta kallonsa. Gwiwarsa ta yi tsami.

Ana saura kwana biyu ya tafi, yarinyar ta tsaya a kansa.

"Raminka ya karkace."

"Gyara mini, Mamana."

Ta gyara. Sai ta nuna gilashin. "Mene ne a ciki?"

"Leƙa ki gani."

Ta kawo fuskarta har hancinta ya taɓa shi, ta ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya a ciki, ta fashe da dariya. Ya danna. Ta yi kusa da yawa, hoton ya fito dishi-dishi, ido ɗaya da rabin baki. Shi ya kai aka wanke, ya sa a aljihun gaba.

Ranar tafiya bai tashe ta ba, motar ɗaukarsa ta zo tun da sassafe. Da yamma uwar ta kai ta filin. Yarinyar ta dubi bencin da ke kusa da famfo, babu kowa. Ta je wajen ramin, ta zauna ita kaɗai tana gyara bakinsa.

A nan ta gane cewa mutumin da ke zama can nesa ba baƙo ba ne, babanta ne, kuma duk kwanakin nan jira yake ta zo.