Gilasan Iklima a Siton Albasa

Kwana goma sha ɗaya ke nan Iklima tana kwance a kan tabarma ɗaya, tana kallon rufin ɗaki ɗaya. Ta ƙirga azarun har ta san wadda gara ta fara ci. Ƙafarta ta dama tana miƙe samɓal, an jera mata karare an ɗaure da tsumma tun daga idon sawu har cinya, an kuma tokare ta da buhunan yashi hagu da dama. Malam Ɗalha mai ɗori, wanda ake zuwa wurinsa Aliero daga ko'ina, ya gaya mata tun ranar farko:

"Kwana arba'in. In kinka motsa ta, ba ruwana, da ɗingishi za ki ƙare."

Ya ce haka ya fita, ya bar ta a hannun matarsa, Inna Gudiya. Ita kuwa wannan tsohuwa ba ta da aiki sai zama a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, ido ɗaya kan tire, ɗaya kan ƙafar Iklima. Ko tari Iklima ta yi da ƙarfi sai ta ji, "Ke ɗiyata, a hankali!"

Ba ciwon ƙafar ne ke cinta ba. Abin da ke cinta yana can Jega, cikin wani tsohon siton albasa da aka ba ta aro.

Malamar zane ce a makarantar 'yan mata, amma shekara uku ke nan tana wani aiki da babu wanda ya gane kansa. Duk inda ta ji mota ta yi hatsari tsakanin Jega da Maiyama, sai ta bi sawu har garejin da aka ja motar, ta roƙi gilashin gaban. Irin gilashin nan ne da ba ya tarwatsewa, sai dai ya tsattsage kamar saƙar gizo ya tsaya a haɗe. Takan kai shi sito, ta zauna da tsinke da auduga tana cusa launi cikin kowace tsaga: ruwan ɓawon albasa, lalle, baban rini. Wani gilashin yakan ci mata wata guda. In rana ta bugo shi ta baya, sai ka ga jijiyoyi ja da shuɗi sun bazu a ƙasa, har ka ji tsoron takawa. A ƙasan kowanne ta rubuta inda abin ya faru: Karaye, Sarandosa, kwanar Jiga Makera. Ashirin da bakwai ta tara. Niyyarta ta rataye su da igiya daga rufin sito, tsakanin jajayen buhunan albasa, yadda mutum zai bi ta tsakiyarsu da ƙafa.

Wata Hajiya Husna mai shirya baje kolin zane a Abuja ta ga hoton guda ɗaya, ta ce za ta zo ranar Asabar ta gani da idonta. In ya yi mata, za a ɗauki aikin duka. Iklima na kan tsani tana ɗaura igiya ta huɗu, tsanin ya zame. To, ga ta nan.

Ranar Laraba ta haƙura ta kira yayanta Alu. Ba ta so ba, wallahi. Alu mai yankan gilashi ne a kasuwar Jega, mutum ne mai son abu a miƙe, a goge, kusurwa huɗu cif. Bai taɓa leƙa siton ba, ita ma ba ta taɓa gayyatarsa ba, don tun ranar da ya kira aikinta "kwashe-kwashen bola" ta daina yi masa zancen. Amma wa take da shi da ya iya ɗaukar gilashi bai yanke ba?

"Yaya, makullin siton na wurin mai gadi. Na sa ma kowane lamba a bayansa, igiyoyin ma da lamba. Ka rataye su kawai, yadda ka gan su."

"To."

"Yadda ka gan su fa, Yaya. Kada ka..."

"Ke, ni za ki koya ma gilashi? Kwanta ki ji da ƙafarki."

Ya kashe. Haka Alu yake tun suna yara, rabin magana yake ji, sauran ya ƙarasa da kansa.

Alhamis ta kira shi sau tara, bai ɗauka ba. Sabis ɗin ɗakin ma sai ta ɗaga wayar sama wajen taga kafin sanda ɗaya ta fito. Ta kira mai gadi, ya ce ai Alhaji Alu na ciki tun safe da abokin aikinsa, sun rufo ƙofa, sai ƙarar aiki kake ji. Wace irin ƙara? Ƙara dai, in ji shi. Rataye gilashi ba ya ƙara, wannan ta sani.

Daga Aliero zuwa Jega tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Tana jin motocin albasa na wucewa a kan titi, kowace tana iya sauke ta a ƙofar siton. Da azahar, da ta ga Inna Gudiya ta tashi alwala, ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ja jikinta. Buhun yashi ɗaya ya goce. Wani zafi ya taso mata daga ƙwauri har tsakar ka, ta ciji mayafinta don kada ta yi ihu, amma tsohuwar ta riga ta dawo da buta a hannu.

"La'ilaha illallahu! Mi kike yi haka? So kike ki ɓata aikin Malam?"

"Inna, minti goma kawai. A sa ni a mota a kwance, in gani in dawo."

"Ko Hajiya ta zo daga Makka ba ki tashi. Gilashi ya fi ƙafa?"

Ta mayar da buhun, ta ƙara wani a kai, ta jawo tirenta har cikin ɗakin ta zauna. Iklima ta ji haushi kamar ta fashe. Ta tsani tsumman, ta tsani warin man da ake shafa mata, ta tsani ƙarar ɓawon gyaɗa. Ta juya fuska bango, don shi kaɗai ne abin da aka bar ta ta juya.

Juma'a bayan an sauko masallaci wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Inna Gudiya ce ta riƙe mata ita wajen taga. Fuskar Alu ta cika wayar, yana ta washe baki, idanunsa jajur don gajiya.

"Auta, shirya ki gani. Ban gaya miki ba don kada hankalinki ya tashi kina kwance."

Ya juya wayar.

Gilasai ashirin da bakwai suna rataye, kowanne a igiyarsa, kowanne a lambarsa. Sababbi fil. An yanka su daidai wa daida, an goge har suna ɗaukar ido. Babu tsaga ko ɗaya, babu launi. Ta cikinsu kana hango bangon sito da buhunan albasa, shi ke nan.

"Da na buɗe ƙofa na ga ɓarnar da faɗuwar nan ta yi, wallahi sai da na zauna," in ji Alu. "Ko ɗaya bai tsira ba, duk sun tsattsage, ga datti ya shiga ciki. Na ce baƙuwa ba ta zuwa daga Abuja ta iske ƙanwata da fasassun kaya, ina raye, ina wannan sana'a. Na rufe shago kwana biyu. Har rubutun naki na sa an kwafa a ƙasa, duba, Sarandosa."

Da ƙyar ta ce, "Na dā ɗin fa, Yaya?"

"Kada ki damu, ba su yanki kowa ba. Abdulrahman maƙwabcina na cikon ramin shagonsa, na ba shi. An daddake su, da safen nan anka zuba kankare."

Ya sake juyo wayar wajen fuskarsa, ya ɗaga hannu yana share zufa. Yatsunsa uku a naɗe suke da filasta, ɗaya jini ya ɓullo ta ciki. Mutumin da rabonsa da ya ce mata sannu da aiki tun tana firamare, ga shi yana jiran ta yi magana kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

"Ya yi? Ki faɗi gaskiya, in akwai gyara kafin gobe."

Maganar na nan cike da bakinta, shekara uku cur. Ta dubi yatsun nan.

"Ya yi, Yaya. Allah ya saka da alheri."

"Madalla! To, ki kira Hajiyar ki ce ta taho."

Wayar ta mutu. Inna Gudiya ta ajiye ta a gefen tabarma, ta ga hawaye na gangarowa cikin kunnen Iklima, don ko tashi ta share ba ta iya ba. Ta taɓa tsumman a hankali.

"Ƙafar ce, ɗiyata?"

"Ita ce, Inna."

"Yi haƙuri. Saura kwana ashirin da bakwai a kwance miki."